"Tun Yaye Ban Ga Daidai Ba": Binciken Da Ke Bin Yaro Daga Zanen Goyo Har Samartaka

A wani gida da ke bayan masallacin Juma'ar ƙauyenmu, a ƙasar Ringim, akwai yaro ɗan shekara 15 da ya ɗauke wuta tun bayan babbar salla. Ba bebe ya zama ba. In ka gaishe shi zai amsa, amma a gajarce, kansa a sunkuye. Ya bar ƙwallo, ya bar fita kiwo da sa'o'insa, tuwon dare ma sai uwarsa ta tsaya a kansa. Da dare ba barci, da hantsi ba tashi. Ranar da na je duba shi na tarar gidan ya rabu uku. Uban ya ce abokan banza ne, ƙila ya fara shaye-shaye, a bar shi da shi kawai. Uwar ta ce iska ce, tun ranar da ya dawo daga fadama da almuru ya canza, har ta aika a karɓo rubutu. Kakarsa tana gefe tana zage zogale, ko ɗagowa ba ta yi ba ta ce, "Ku dai ku yi ta yi. Ni yaron nan tun yaye ban ga daidai ba."

Na ce, "Iya, tun yaye kuma?"

Sai ta kwance mini bakin jaka. An haife shi da marka, shekarar da rumbu ya ƙare gero bai ko fitar da kai ba. Uwar ta yi rurrutsa, aka cire shi daga nono yana wata 11 aka kawo mata. Ƙyanda ta kama shi, ta bi shi da zawo, har aka fitar da rai. Bai taka ƙasa da ƙafarsa ba sai da ya haura shekara biyu. Yana shekara bakwai aka ba kawunsa riƙo a wani gari, bayan shekara uku aka dawo da shi ya koma shiru-shiru. Duk wannan a kanta yake, babu takarda ko ɗaya.

Zuciyata ta fi karkata ga maganar Iya, amma da na koma gida ina juya ta sai na hango rami a ciki. Iya ta tuna ƙyandar ne saboda halin da yaron yake ciki yau. A gidan nan akwai ɗan wan babansa, shi ma ya yi ƙyanda a shekarar, shi ma an yaye shi da wuri, ga shi can yana dillancin awaki a kasuwar Maigatari, bakinsa ba ya rufuwa don surutu. Ba wanda ya taɓa zama ya lissafo wahalar da ya sha yana jariri, domin ba a neman dalilin lafiya. In abu ya ɓaci ne muke waiwayawa mu tsinto abin da ya dace da labarin, mu bar sauran a ƙasa. Likita ma in ya tambayi uwa tarihin ɗanta, abin da zai samu ke nan: tarihin da ciwo ya riga ya tace.

Masana sun daɗe da sanin wannan ramin, hanyar tsallake shi kuma guda ce, mai tsada, mai cin rai: a rubuta tun ba a san ƙarshe ba. Za a zaɓi gari, a zaɓi lokaci, a ce duk jaririn da aka haifa a nan daga wata kaza zuwa wata kaza yana ciki, ɗan mai kuɗi da ɗan talaka, lafiyayye da mai laulayi, in dai iyayensa sun amince. A auna nauyinsa da tsayinsa da zagayen kansa, a tambayi uwar yadda ta yi goyon ciki, me take ci, wa ke taya ta aiki. Daga nan a riƙa dawowa, yana rarrafe, yana shiga makaranta, yana balaga, har ya yi aure ya haifi nasa. Ranar da wasu daga cikin yaran suka shiga matsala, sai a buɗe tsohon littafi a ga da me suka bambanta da sa'o'insu tun can baya, a rubutun da aka yi lokacin da ba wanda ya san wa zai zama me.

Wannan daban yake da irin binciken da muka saba gani, na masu zuwa da riga mai tambari su ƙidaya gidaje. Binciken lafiya na ƙasa da aka yi a 2018 ya nuna cewa cikin yara 100 'yan ƙasa da shekara biyar a Jigawa, 64 sun tsumbure, wato tsayinsu bai kai na shekarunsu ba. A Kano 57 ne, a Najeriya baki ɗaya 37. Adadi ne mai tayar da hankali, amma hoton rana ɗaya ne. An auna, an rubuta, an tafi, in an dawo kuma wasu yaran daban za a auna. Manyan cikin waɗanda aka auna a 2018 yanzu suna bakin balaga. Nawa ne suka kamo tsayi, nawa suke aji, nawa suke bara a Kano, nawa suke zaune a zaure sun daina magana? Hoton ba shi da amsa.

Wanda ya fi shahara a masu bin sawu shi ne na garin Dunedin a Niyu Zilan. Jarirai 1,037 da aka haifa tsakanin Afrilun 1972 da Maris ɗin 1973 aka ɗauka. An gan su suna shekara 3, 5, 7, 9, 11, 13, 15, 18, 21, sannan 26, 32, 38 da 45. A zagayen shekara 45, cikin kowane 100 da ke raye, 94 sun amsa kira. Wannan adadin ya fi komai burge ni, domin wajen sake samo mutanen ne irin wannan aikin yake mutuwa. Wanda ya koma wata ƙasa ana biya masa kuɗin jirgi ya zo, wanda ke gidan yari ana bin sa can, abin da mutum ya faɗa kuma ba ya fita. Dalili shi ne, masu wuyar samu galibi su ne masu matsalar: mashayin, mai ciwon damuwar, wanda ya ɓata da danginsa. In ka bar su suka zube, abin da zai rage maka masu zaman lafiya ne, ka rubuta rahoto cewa komai lafiya.

Da aka duba waɗanda suke da ciwon ƙwaƙwalwa suna shekara 26, aka koma littafinsu, sai aka ga rabinsu an riga an ga alamar ciwo a kansu kafin su cika 15, kusan kashi uku cikin huɗu kuma kafin 18. Wato abin da muke gani a magidanci mu ce jiya ya same shi, sau da yawa tun yana samari ya faro, ba a dai kula ba. Abu na biyu ya fi wannan girgiza tunani. Zuwa shekara 45, cikin 100 har 86 sun taɓa shiga wani yanayi da likita zai kira ciwon ƙwaƙwalwa, ko da sau ɗaya ne: damuwa mai tsanani, fargaba, kamuwa da shaye-shaye da makamantansu. Mu a nan in an ce taɓin hankali sai mu hango mai yawo a bola da tsumma. Littafin Dunedin ya nuna abin ya fi kama da zazzaɓi, mafi yawan mutane suna ratsawa ta cikinsa, wanda bai taɓa ba shi ne bare. Ba na cewa adadin Niyu Zilan shi ne namu. Ina cewa su da suka ƙirga sun sha mamaki, mu kuwa ba mu ƙirga ba tukuna.

Akwai kuma batun da ya shafi zargin uban yaron nan kai tsaye: shaye-shaye ne ke jawo ciwon, ko ciwon ne ke kai yaro ga shaye-shaye? A Dunedin an ga waɗanda suka fara wiwi kafin ko a shekara 15 sun fi sauran faɗawa cikin babban taɓin hankali daga baya. To amma da yake an riga an tambayi yaran, suna shekara 11, ko suna jin muryoyi ko ganin abin da wasu ba sa gani, sai aka iya rarrabewa: wani ɓangare na matsalar ya riga wiwin zuwa, wiwin ma kuma da nasa kason. Ba yadda za a yi a san wannan in ba an yi tambayar farko tun yaron bai san warin hayaƙin ba. Mu da muka ga abin da kodin da tiramol suka yi wa samari da matan aure, har gwamnati ta haramta maganin tari mai kodin a 2018, wannan tambayar tamu ce. Uban da ya ga ɗansa da kwalba ya ɗauka ya kama ɓarawon, alhali wataƙila kwalbar a bayan ɓarawon ta shigo.

A Birtaniya, inda suke irin wannan bibiyar tun 1946, akwai rukunin yara kusan 19,000 da aka haifa a farkon shekarun 2000. Da suka kai 14 aka tambaye su da bakinsu, sai 24 cikin 100 na 'yan mata suka nuna alamun ciwon damuwa mai ƙarfi, maza kuma 9. Kafin balaga babu wannan ratar tsakanin jinsin biyu. Abin da iyaye suka faɗa game da 'ya'yansu kuma bai zo daidai da abin da yaran suka faɗa ba. Wannan na ƙarshen ko ba a je Birtaniya ba mun san shi.

Ta ɓangaren jiki kuwa, labarin ya fi tsufa. Wani likitan Ingila, David Barker, ya tono tsoffin littattafan ungozomomi da masu duba jarirai na yankin Hertfordshire, waɗanda aka fara rubutawa tun 1911, ya bi sawun jariran bayan sun tsufa. A 1989 ya nuna cewa waɗanda aka haifa da ƙarancin nauyi sun fi mutuwa da ciwon zuciya. A Holan, yunwar ƙarshen Yaƙin Duniya na Biyu, daga 1944 zuwa 1945, ta bar tabo a 'ya'yan da suke ciki a lokacin: sun fi kamuwa da matsalar suga a jini, waɗanda aka ɗauki cikinsu a tsakiyar yunwar kuma haɗarin babban taɓin hankali ya ninka a kansu. Jiki da ƙwaƙwalwa tukunya ɗaya suke ci, tun a mahaifa.

Amma Turai ba Jigawa ba ce, don haka na fi kasa kunne ga abin da ya fito daga ƙasashe masu irin talaucinmu. Masu bincike daga Birazil, Gwatamala, Indiya, Filifin da Afirka ta Kudu sun haɗa littattafansu wuri guda, a 2008 suka ce tsayin yaro yana shekara biyu shi ya fi komai nuna yadda zai kasance ta fuskar karatu da abin hannu in ya girma. Daga baya suka ƙara wani bayani da ya kamata iyayen birni su ji: yaron da ya tsumbure yana ƙarami sannan ya zo ya yi ƙiba da sauri bayan ya wuce shekara biyu, ƙibar ba ta biya masa abin da ya rasa, hawan jini da suga take gayyato masa. A Gwatamala, tsakanin 1969 da 1977, an raba wa ƙauyuka biyu wani kunu mai madara da gina jiki, wasu biyun kuma aka ba su abin sha mai zaƙi. Bayan shekaru kusan talatin, mazan da suka sha kunun a shekarunsu biyu na farko ladan aikinsu ya fi na sauran da kashi 46 cikin 100. Kunu ne fa, irin wanda za a iya damawa da gero da gyaɗa da waken suya.

Na garin Pelotas a Birazil, inda aka ɗauki jarirai 5,914 a 1982, ya koya mini wani abu game da yadda ake karanta irin waɗannan sakamakon. An daɗe ana cewa yaran da suka sha nono sun fi ƙwaƙwalwa, amma a ƙasashen Turawa mata masu ilimi da wadata ne suka fi shayarwa, don haka ana iya cewa ilimin uwar ne ya yi aikin, ba nonon ba. A Pelotas shayarwa ba ta bi aljihu ba, talaka da mai kuɗi kusan duk ɗaya. Duk da haka, suna shekara 30, waɗanda suka sha nono shekara guda ko fiye sun ɗara waɗanda ba su kai wata ɗaya ba da kusan maki huɗu a gwajin basira, da kusan shekara guda ta karatu. Sai da aka canza ƙasa kafin amsar ta tsayu da ƙafarta.

Mafi kusa da mu shi ne na Keneba a Gambiya, ƙauyukan manoma Musulmi masu damina ɗaya kamar tamu, inda ake rubuta duk haihuwa da mutuwa tun wajen 1950. A 1997 suka fitar da wani sakamako mai ban tsoro: waɗanda aka haifa a watannin yunwa, daga Yuli zuwa Disamba, bayan sun wuce shekara 15 sun fi waɗanda aka haifa da rani mutuwa da ƙuruciya, har kusan ninki goma, galibi da cututtuka masu yaɗuwa. Da na fara jin wannan Iya na tuna, da "an haife shi da marka". To amma an je an duba a Sanagal da Bangaladash, inda su ma suke da irin littafin, ba a ga haka ba. Ga Gambiya ga Sanagal, iyaka ɗaya, amsa biyu. Wanda ya ɗauko sakamakon wata ƙasa ya ɗora wa Babura ko Gwarzo kai tsaye, aron riga ya yi bai gwada ba. Daga Keneba ɗin dai aka ga wani abu mai sanyaya rai: yaran da suka tsumbure suna ƙanana da yawansu sun ci gaba da kamo tsayi a shekarun balaga, har bayan lokacin da sa'o'insu na Turai suka tsaya. Ƙofa ba ta rufewa gaba ɗaya a shekara biyu.

Wanda nake so kowace uwa da kowace malamar asibiti ta ji shi ne na Jamaika. A 1986 da 1987 aka ɗauki yara 129 da suka tsumbure a unguwannin talakawan Kingston, 'yan wata 9 zuwa 24. Wasu aka riƙa ba su madara duk mako. Wasu kuma ma'aikaciyar lafiya ke zuwa gidansu sau ɗaya a mako, ta yi awa guda tana nuna wa uwar yadda za ta yi wasa da ɗanta, ta yi masa magana, ta kira masa sunayen abubuwa, ta yaba masa in ya yi daidai, da kayan wasan da aka haɗa da tarkacen gida. Shekara biyu aka yi ana haka, aka tsaya, sai bibiya. Amfanin madarar ya dushe da tafiyar shekaru. Na wasan bai dushe ba. Suna shekara 17 zuwa 18, waɗanda aka yi wa ziyarar wasa sun fi sauran ƙarancin damuwa da fargaba, sun fi ganin kansu da daraja. Bayan shekara 20, abin da suke samu ya fi na sauran da kashi 25 cikin 100.

Na daɗe ina tunanin wannan, saboda ya taɓa wani abu a al'adarmu. Uwa ba ta wasa da ɗan fari a gaban mutane, ba ta kiran sunansa, wata ko kallonsa ba ta yi in surukai suna wurin. Ba na cikin masu cewa alkunya ƙiyayya ce, domin a babban gida abin da uwa ta kauda kai a kansa kaka da gwaggo da yayye suna cikewa, su yi masa tawai, su goya shi, su yi masa waƙa. Tambayar ita ce yaron da ya faɗo tsakani: uwa tana kunya, kaka ta rasu, gidan ya watse, matar uba tana fama da nata. Shi wa ke yi masa magana? Wannan ba tambayar da Jamaika za ta amsa mana ba ce. Haka na Soweto a Afirka ta Kudu, inda aka bi yara 3,273 da aka haifa a 1990, watanni kaɗan bayan sakin Mandela, aka tarar kafin su kai 22 kusan 99 cikin 100 sun ga tashin hankali ko an yi musu. Mu namu tashin hankalin wane iri ne a idon yaro, bulalar makaranta, sakin uwa, ko kwana a tasha?

Kada a ɗauka ba a taɓa bin mutanenmu da alƙalami ba. A Garki, nan cikin Jigawa, lokacin tana ƙarƙashin Jihar Kano, Hukumar Lafiya ta Duniya da gwamnatin Najeriya sun yi aikin zazzaɓin cizon sauro daga 1969 zuwa 1976. Ana komawa ƙauyuka ɗaya, wurin mutane ɗaya, duk mako goma ana duba jininsu. An yi feshi, an raba magani, zazzaɓin ya ragu ƙwarai amma bai yanke ba, da aka daina kuma ya dawo. Har yau masana a duniya suna aiki da alƙaluman Garki. A cikin aikin ne aka ga kusan biyu cikin jarirai 100 ana haifarsu da sikila, amma a cikin manyan yara da magidanta da ƙyar ake samun mai ita. Ba warkewa suka yi ba. Wanda ya zo ya auna samari kawai zai ce ƙasar Garki babu sikila. Wannan darasi ne ga duk mai son nazarin matasanmu: waɗanda ya tarar suna shekara 15 su ne suka tsallake, sai wanda ya fara ƙirga daga ranar haihuwa ne zai san su nawa aka taso. Katin awon da ake ba mata a asibiti ma ɗan gida ne. Daga aikin likita David Morley a Imesi-Ile, cikin Jihar Osun ta yau, ya samo asali, inda ya bi yaran ƙauyen wata-wata tun ƙarshen shekarun 1950.

To me zai hana a ɗauki jariran gunduma guda a Jigawa ko Kano a bi su shekara 20? Abubuwa da yawa, kuma ba kuɗi ne kaɗai ba. Mafi yawan haihuwa a ƙauye a ɗaki ake yin ta, ba sikeli, sai bayan arba'in wata za ta fita. Ka tambayi shekarun yaro a ce maka shekarar da ruwa ya ci gari, ko azumin da aka yi da zafi. Suna ma aiki ne: ga na yanka, ga na rana, ga wanda kaka ta laƙaba, uwar kuma in ɗan fari ne "yaron nan" kawai za ta ce, a unguwa ɗaya kuma Sani biyar ne. Sannan daidai shekarun da ake son ganinsu, lokacin suke watsewa. Namiji ya tafi almajiranci ko ci-rani, mace an kai ta ɗakin miji a wani gari, yanzu izinin ganinta a hannun wani yake wanda ba da shi aka yi alkawarin farko ba.

Sai harshe. Ka zaunar da saurayi a zaure, babansa na jin ku, ka ce, "Kana da damuwa?" Amsar ita ce, "Alhamdu lillahi." Ba ƙarya ya yi ba, tarbiyya ce. Wanda ya san mutanen zai saurari wasu kalmomin: tunani ya yi mini yawa, gabana yana faɗuwa, jikina ya mutu, kaina ya yi nauyi, zuciyata ta yi baƙi. Takardar tambayoyin da aka fassaro daga Turanci kalma da kalma za ta wuce ta gefen duk waɗannan, ta dawo da rahoton cewa matasan ƙauye ba su da damuwa. 'Yan mata kuwa sai mace, a ɗaki, ba a gaban uwa ko uwar miji ba.

Babban dutsen shi ne amana. Mutanen Kano ba su manta da 1996 ba, lokacin annobar sanƙarau, da kamfanin Pfizer ya gwada maganin Trovan a binciken da ya haɗa yara 200, 11 suka rasu, aka yi ta shari'a har aka sasanta a 2009. Ƙin allurar shan inna na 2003 bai rasa nasaba da wannan tabon ba. Duk wanda zai zo ya ce zai ɗebi jinin yaro, ya dawo baɗi ya sake ɗiba, dole ya amsa tambayar dagaci da liman: ina ake kai jinin, wa ke riƙe da littafin, mu me za mu samu? Akwai kuma tambayar da ta fi wannan nauyi. In ka tambayi yarinya ta ce maka ta gaji da rayuwa, ba ka da ikon rubutawa ka rufe littafi ka hau mota. Sai ka san inda za ka kai ta. Dokar lafiyar ƙwaƙwalwa da aka sa wa hannu a farkon 2023 ta maye gurbin tsohuwar dokar mahaukata ta 1958, amma likitocin fannin 'yan ɗaruruwa ne a ƙasa mai mutum fiye da miliyan 200, daga ƙauyuka da yawa kuma zuwa asibitin ƙwaƙwalwa na Dawanau ko Kazaure tafiyar yini ce da kuɗin mota na mutum biyu. Ga shi aikin na shekara 20 ne, gwamnati kuwa ta shekara huɗu ce, masu ba da tallafi ma ba su cika son shukar da ba su za su girba ba.

Duk da haka muna da abin da Dunedin ba ta da shi. A ƙauye jariri ba ya zuwa a ɓoye. Ungozoma ta sani, wanzami ya sani, liman ya raɗa suna ran bakwai, wanda ya rubuta ranar suna ya sami ranar haihuwa. Mutum kuma ba ya ɓata: in yaro yana Legas yana tura baro, akwai wanda ke da lambar wayar wanda ke kwana kusa da shi. Masu allurar shan inna sun riga sun bi gida-gida sun yi wa ƙofofi lamba da alli. Ga Jami'ar Bayero da asibitin koyarwa na Malam Aminu Kano, ga jami'ar tarayya a Dutse, ga ɗalibai da suka tashi a ƙauyukan nan suna jin abin da ake nufi in an ce jiki ya mutu.

Kafin in bar gidan ran nan na tambayi uwar yaron ko katin awonsa yana nan. Ta shiga ɗaki ta daɗe, ta fito da shi daga ƙasan kwalla, a naɗe cikin leda tare da takardar sadakinta. Ya yi ja, gefe ɗaya gara ta taɓa. Ranar haihuwa an rubuta wata da shekara, ba rana. A jikin zanen akwai ɗigo uku na biro: na farko a kan layi, na biyu ya ɗan sauka, na uku ya sauka sosai, yana wata biyar. Daga nan babu komai, fili fari har ƙarshen katin. Na nuna wa Iya ɗigo na ukun, na ce ga inda ya fara ramewa, tun kafin yayen ma. Ta karɓa ta kai shi kusa da idonta, ta juya shi sama da ƙasa, ta miƙo mini. Ta ce lokacin ne uwar ta kwanta, wata biyu ba ta ko iya ɗaukarsa, ita ta manta da wannan sai yanzu.

Uban ya yarda ƙaninsa ya kai yaron asibiti ran Litinin, da sharaɗin in maƙwabta sun tambaya a ce ciwon kai ne. Uwar ta ce za ta ɗura masa rubutun a gora ya tafi da shi. Na ce ta sa katin ma a aljihunsa.